Katsina United Da Kofin Da Ya Ƙi Zuwa Gida

Duk wanda ya shigo Abuja ta hanyar filin jirgin sama, kafin ya wuce ƙofar gari zai hangi wani ƙasaitaccen filin wasa mai cin mutum 60,000. An buɗe shi a 2003 domin Wasannin Afirka, a 2019 kuma aka sa masa sunan Moshood Abiola. Gini ne na a zo a gani. To, amma tun daga watan Disamba na 1991 da hedkwatar Nijeriya ta taso daga Ikko ta dawo Abuja, babu wata ƙungiyar maza ta wannan birni da ta taɓa ɗaukar kofin Lig ko Kofin Ƙalubale. A kakar wasa ta 2024 zuwa 2025 ƙungiyoyi 20 ne suka kara a babban rukuni, ko ɗaya babu ta Abuja. Ga fili, ga kuɗi, ga manya, amma babu ƙungiyar da talakan Nyanya ko na Kubwa zai ce tasa ce. Saboda haka in ana son a ga yadda gari ke riƙe ƙungiya, da yadda yake sakinta, sai a bar Abuja a nufi Katsina.

Katsina dai ba da ƙwallon ƙafa aka fara saninta ba. Garin dawaki ne. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a can, ɗansa kuma Sarki Usman Nagogo ya shahara a kan doki har Turawa suna sara masa. A tsohuwar Kwalejin Katsina, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wasan da aka fi ji da shi shi ne wanda ake buga 'yar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Tamaula kuwa ta yaran unguwa ce da 'yan makaranta. Sa'ad da Katsina ke cikin Jihar Kaduna, yaron da ya iya taka leda sai ya tafi Kaduna ko Kano in yana so a san da shi. Sai da aka ba Katsina jiharta ranar 23 ga Satumba 1987, aka kuma fara gasar ƙwararru a Nijeriya a 1990, sannan aka ga dalilin a yi ƙungiya ta gida. A 1994, zamanin mulkin soja, aka kafa Katsina United.

Kafin a fahimci abin da wannan jaririyar ƙungiya ta yi, sai an tuna halin da Arewa ke ciki game da Kofin Ƙalubale. An fara wannan gasa a 1945 da sunan Kofin Gwamna, kuma da farko harka ce ta mutanen Ikko. Kano ta ɗauke shi a 1953. Daga nan sai ƙofa ta rufe har shekara 36. Ƙungiyoyin Jos sun yi ta kaiwa wasan ƙarshe suna komawa gida hannu rabbana, har abin ya zama abin tsokana. Tsofaffin mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun ba su manta ba: mutum ya rufe rumfarsa, ya biya kuɗin mota ya je kallo, ya dawo, washegari abokan ciniki su yi ta yi masa dariya. A gasar Lig an ɗan sami sa'ida, don Mighty Jets ta Jos ta ci a 1972, Raccah Rovers ta Kano kuma a 1978. Amma kofi ya ƙi.

A 1989 ne BCC Lions ta Gboko, wani ɗan ƙaramin gari a ƙasar Tibi, ta karya wannan ƙofi a Bauci, inda ta doke Iwuanyanwu Nationale a ƙarƙashin mai koyarwa Shuaibu Amodu. Shekara ta zagayo ta ɗauko Kofin Zakarun Kofuna na Afirka bayan ta ka da Club Africain ta Tunisiya. Daga nan sai abin ya zama kamar an ɓalle dam. El-Kanemi ta Maiduguri ta ci a 1991 da 1992, BCC ta sake ci a 1993 da 1994 da 1997, Wikki ta Bauci a 1998, Plateau United a 1999, Niger Tornadoes ta Minna a 2000. Watau cikin shekara 12, sau 9 kofin na kwana a tsohuwar Jihar Arewa.

A tsakiyar wannan zamani ne Katsina United ta ɓullo. Shekararta ɗaya da kafuwa, a 1995, ta kai wasan ƙarshe, Shooting Stars ta Badun ta ci ta 2 da nema. A 1996 ta sake kaiwa, Julius Berger ta Ikko ta sha da ƙyar da ci ɗaya mai ban haushi. A 1997 ta koma karo na uku, wannan karon 'yar'uwarta ta Arewa, BCC Lions, ita ma ta ci ta ɗaya da nema. Wasan ƙarshe uku a jere, ba kofi, ba ko ƙwallo ɗaya a ragar abokan karawa. Har yau akwai Katsinawan da in aka ta da wannan magana sai su ce a canza hira.

To, amma bai kamata a karanta wannan labari a matsayin labarin kasawa ba. Kofin Ƙalubale gasa ce ta sili-ɗaya-ƙwale. Ranar da aka ci ka, ranar za ka naɗe tabarmarka. Ƙungiyar da za ta ratsa wannan ƙaya shekara uku a jere, tana tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota in wasa ya kai ta Kudu, ba sa'a ce kaɗai ke ɗauke da ita ba. Manyan ƙungiyoyi masu dogon tarihi da yawa ba su taɓa yin haka ba. Bugu da ƙari, da yake Shooting Stars ta haɗa Lig da kofi a 1995, Katsina United ce ta wakilci Nijeriya a gasar Zakarun Kofuna ta Afirka a 1996. Ƙungiya 'yar shekara biyu, daga garin da ke bakin iyakar Nijar, ita ce ke riƙe da tutar ƙasa. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 da dukan ƙarfin Kano a bayanta, sai 2008 ta ɗauki Lig, kofi kuwa sai 2019.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin abin dubawa. Bayan 1997 sai tauraron ya dusashe. Ƙungiya ta faɗa ƙaramin rukuni, ta daɗe a can, har suna ma ya sauya ta koma Spotlight. Yaran da aka haifa bayan wasan ƙarshe na uku sun girma har sun fara gemu ba su san garinsu ya taɓa yin ƙungiyar da ake tsoro ba. Suka koma Arsenal da Chelsea da Manchester United a gidajen kallo, kamar sauran yaran ƙasar nan.

Me ya jawo? Kowa da abin da zai ce, amma tushen ciwon sananne ne, kuma ba Katsina kaɗai ke fama da shi ba. Ƙungiyar gwamnati numfashinta a aljihun gwamna yake. Shi ke naɗa shugaba, shi ke sauke shi. Kuɗin albashi da na mota da na masauki daga baitulmali suke fitowa, ta hannun ma'aikata, bayan takarda ta zaga ofis-ofis. In aka dace da gwamna mai son ƙwallo, sai a sayo 'yan wasa daga ko'ina, a yi shekara biyu ana kiɗa. In wanda ya gaje shi hankalinsa na wani wuri, sai 'yan wasa su yi ta jiran haƙƙinsu, masu ƙafa su tsere, a bar filin da ciyawa. Ƙungiya ba ta da gona, ba ta da shago, ba ta da asusun da za ta ci a shekarar fari. Ko kuɗin ƙofa ma ba abin a zo a gani ba ne, don an saba wa mutane da shiga kyauta ko ta kan katanga.

Sai dai kuma a yi adalci. Masu cewa gwamnati ta tsame hannunta gaba ɗaya, su waiwaya su ga makomar waɗanda suka hana Katsina kofi. Ina Julius Berger yau? Kamfanin ya gaji ya saki ƙungiyar. Ina BCC Lions, zakarar Afirka? Da kamfanin siminti na Binuwai ya shiga wahala, ƙungiyar ta bi shi, kuma ba ta sake zama abin da take a da ba. Raccah Rovers, wadda a 1978 ta kara da Fluminense ta Barazil a Kaduna, Pele da kansa yana cikin fili, ta zama tarihi. Leventis United da Abiola Babes, da suka addabi kowa a shekarun 1980, masu su sun wayi gari sun rufe. Cikin ukun da suka doke Katsina a wasan ƙarshe, Shooting Stars kaɗai ta rage a babban rukuni, ita ma ta gwamnatin Oyo ce. Enyimba ta Aba, wadda ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004, ta gwamnatin Abiya ce. Ashe hannun gwamnati, duk da nauyinsa, shi ya hana Katsina United shiga kabari. Ya raya ta, amma bai bar ta ta yi ƙashin kanta ba.

Farfaɗowar ma ta hannun gwamnati ta zo. A zamanin Gwamna Ibrahim Shema aka kammala babban filin wasa na Karkanda a 2013, mai cin mutum wajen 35,000. A zamanin Gwamna Aminu Bello Masari aka sa wa filin sunan Sarki Muhammadu Dikko, aka mayar wa ƙungiya sunanta na asali, a 2016 ta sami hayewa, a 2017 kuma aka sake ganin Katsina United a cikin manya. Magoya baya suka laƙaba mata Chanji Boys. Wanda ya ga yadda filin ke cika a waɗannan shekaru ya san ƙishirwar ta daɗe. Daga Jibiya da Batsari da Mani da Dutsin-Ma mutane ke shigowa ranar wasa.

A nan ne ya kamata mazauna Kudu su kasa kunne, musamman 'yan goro na Sabon Shagamu, don abin a ƙofar gidansu ya faru. Ƙungiyoyi huɗu ne suka haye tare a 2016: Katsina United, Gombe United, ABS ta Ilori, da Remo Stars. Ita Remo Stars ta wani ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, kuma gidanta Ikenne, garin Awolowo. Ta hau ta faɗo a 2017, ta sake hawa ta sake faɗowa a 2019. Mai ita bai yi fushi ya watsar da ita ba. Ya gina filinsa, ya gina makarantar horar da yara da wurin kwanansu, yana renon 'yan wasa yana sayar wa Turai, kuɗin na komawa cikin ƙungiya. Ta dawo a 2021, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023 da 2024, a 2025 ta ɗauki Lig. Katsina United kuwa, da filinta da ya ninka nasu, da jama'arta da suka ninka nasu, a 2022 ta sake faɗawa ƙaramin rukuni, sai 2023 ta hauro.

Shekarar 2022 ɗin nan tana da wani tabo da ba a son tunawa, amma dole a faɗa. A watan Afrilu, a filin Sani Abacha na Kano, wasan Kano Pillars da Katsina United ya watse ba a gama ba, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci Pillars tara, ta zabtare mata maki 3, ta kore ta zuwa Abuja ta ƙarasa wasanninta na gida a can. Wannan ita ce hanyar da filin Abuja ya sami ƙungiyar Lig: wurin zaman horo. Da kaka ta ƙare, Pillars da Katsina United duka biyu suka faɗi tare, Arewa maso Yamma ta wayi gari ba ta da kowa a babban rukuni. Kano da Katsina, da ke auratayya da cinikayya tun kafin zuwan Bature, sun ja juna cikin rijiya a kan tamaula.

Kada kuma Katsinawa su ce su aka zalunta kurum. A Afrilu 2017, watanni kaɗan da dawowarsu, rigima ta tashi a Katsina tsakanin mai tsaron gidan Enyimba da wani yaro mai ɗauko ƙwallo, aka bi motar baƙi da jifa. A Nuwamba 2025 kuma an sake yin hargitsi a wasansu da Barau ta Kano, aka ci ƙungiyar tara, aka raba ta da filinta. Kowane irin wannan hukunci asara ce biyu: ga tara daga kuɗin jama'a, ga wasan gida ya koma na baƙunta, a ƙasar da cin wasa a waje ya fi haƙar rijiya wuya.

Akwai kuma asara ta uku wadda mai jifa a Karkanda ba ya gani, sai wanda ke zaune a Kudu. In labari ya iso Aba ko Fatakwal ko Inugu cewa an jefi 'yan wasansu a Arewa, ba shugaban ƙungiya ne zai kwana da fargaba ba. Mai sayar da albasa ne, da mai tsire, da mai gadi, da ɗan acaɓa, waɗanda ba su san ma an yi wasa ba. Su ne za a yi wa kallon banza a kasuwa, su ne za su riƙa ba da haƙuri a kan laifin da ba su yi ba. Saboda haka ba shisshigi ba ne in shugabannin Hausawa na Kudu suka aika wa hukumar ƙungiya da Gwamnatin Jiha cewa a tsare baƙi kamar yadda ake so a tsare nasu. A raba wurin zaman magoya baya, a hana shiga da duwatsu da gorori, wanda aka kama kuma a kai shi gaban alƙali ko ɗan wane ne.

Game da riƙon ƙungiya, shawarar da ta fi kama hankali ita ce a bi tsakiya. Gwamnati ta riƙe filin wasa da wani kaso, sauran a buɗe wa jama'a su saya, kowane mai kati yana da ƙuri'a wajen zaɓen shugabanni. Ba sabon abu ba ne a duniya. Al Ahly ta Masar, wadda aka kafa a 1907, 'yan ƙungiya ne ke zaɓen shugabanta. Haka Barcelona da Real Madrid a Sifen. A Jamus ma doka ce yawancin ƙungiyoyi rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun magoya baya. Kuma in ana maganar masu iya saye, ai ba a Katsina kaɗai suke ba. Katsinawa nawa ne ke juya dukiya a kasuwar Mile 12, da mayankar Agege, da wuraren canji na Ikko, da kasuwannin shanu na ƙasar Ibo? Waɗannan mutane sun saba da adashi, sun saba da kuɗin ƙungiya, da kuɗinsu suke gina masallatai da makarantu a garin da ba nasu ba. Ɗan abin da za su sa duk shekara, in aka tara, zai riƙe albashin 'yan wasa ko gwamna ya yi fushi.

Mai karatu zai ce, wa zai zuba kuɗinsa a tukunyar da ba ya ganin cikinta? Gaskiya ne, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ba wanda zai ba da ko kwabo sai an fara buga lissafi a fili: nawa gwamnati ta bayar, nawa aka samu a ƙofa, nawa aka sayar da ɗan wasa, wa ya karɓa. Wannan ba ya bukatar sabuwar doka ko tafiya Turai neman ilmi. Akawu ɗaya mai tsoron Allah da mai binciken kuɗi daga waje sun isa. In hukumar ƙungiya ta yi haka shekara biyu a jere, ita da kanta za ta ga masu kawo kuɗi. In ta ƙi, to, jama'a sun san dalili.

Sai maganar yara. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, kuma babu wadda za ka je da la'asar ba ka ga ƙura na tashi a filin makaranta ba. Funtuwa, Daura, Malumfashi, Kankiya, duk akwai ƙananan kulob da ke wasa ba takalmin kirki. Amma sau da yawa in kaka ta zo, sai a kwaso 'yan wasan haya waɗanda suka zaga ƙungiya biyar, su ci kuɗin sa hannu, baɗi su ƙara gaba. Ba laifi ba ne a ɗauko gwani daga Kudu ko daga Gana, ƙwallo ba ta san ƙabila ba, kuma baƙi sun yi wa ƙungiyoyin Arewa aiki mai yawa. Laifin shi ne a rasa inda ake renon na gida. A yankin da zaman banza da rashin tsaro suka cinye samari da yawa, makarantar ƙwallo mai haɗe da karatu ba almubazzaranci ba ce. Ahmed Musa daga Jos ya taso, a Kano Pillars ya yi suna a 2010 kafin ya wuce Holan da Rasha da Ingila. Irinsa suna nan a Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa, ba mai dubawa.

Wani ƙaramin abu kuma da ba ya cin kuɗi: mutanen da suka kai Katsina wasan ƙarshe a 1995 da 1996 da 1997 yanzu sun manyanta, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya. Ya kamata a nemo waɗanda suka rage, a ɗauki maganarsu a rediyon jiha, a tattara hotuna da rigunan wasa a ware musu ɗaki a filin Muhammadu Dikko. Garin da ya adana Hasumiyar Gobarau ɗaruruwan shekaru bai kamata ya kasa adana tarihin shekara 30 ba.

Kafin a kai ga duk wannan, akwai abin da mazauna Kudu za su iya tun yanzu. Kusan rabin wasannin Katsina United na waje a Kudu ake yinsu. Filin Lekan Salami na Adamasingba yana jikin Sabon Badun, tafiyar ƙafa ce. Ikenne ba ta da nisa da Shagamu. A Aba da Fatakwal da Inugu da Binin duk akwai zangon Hausawa. 'Yan wasan da suka kwana biyu a mota suka shiga fili ba mai kiran sunansu, ko mutum 200 suka gani da kalangu a gefe guda, ƙafarsu za ta yi sauƙi. A sanar da sarkin Hausawan wurin, a sayi tikiti a ƙofa kamar kowa, a zauna wuri ɗaya, in an tashi kuma a gaisa da masu gida kafin a koma kasuwa.